Ɗan majalisar jiha daga karkara a Amurka: tsakanin mutanen gida da masu kuɗin jam'iyya

A jihar New Hampshire da ke arewa maso gabashin Amurka, albashin ɗan majalisar dokoki dala 100 ne a shekara. Tun 1889 aka rubuta wannan adadi a kundin tsarin mulkin jihar, kuma har yau ba a taɓa shi ba. A New Mexico ma babu albashin sam, sai alawus na kwanakin zama. Teksas, duk da arzikin man da take taƙama da shi, dala 7,200 take biya a shekara, majalisarta kuma sau ɗaya take zama cikin shekara biyu, na kwana 140. Can gefe guda ga Niyu Yok tana biyan dala 142,000, Kalifoniya ma fiye da 120,000. Suna dai ɗaya ne, 'yan majalisar dokokin jiha, amma wanda ya fito daga ƙauyen manoma a Montana da wanda ke wakiltar wata unguwa a Los Anjelis ba sana'a ɗaya suke yi ba.

Daga nesa, sai a ɗauka siyasar Amurka a Washinton ta fara, a can kuma ta ƙare. Alhali yawancin dokokin da ke taɓa mutum kullum ba daga can suke fitowa ba. Kuɗin da za a ba makarantar gwamnati, hanyar da za a yi wa kwalta, wanda ke da haƙƙin jan ruwan kogi ya shayar da gonarsa, talakan da zai samu inshorar lafiya, hukuncin kisa, tun 2022 har da batun zubar da ciki, duk a majalisun jihohi ake yanke su. Jihohi 50 ne, zauruka 99, domin kowace jiha tana da majalisar wakilai da ta dattawa in ban da Nebraska, wadda ta koma zaure ɗaya tun 1937. Mutum fiye da 7,000 ne ke kan waɗannan kujeru, kuma a yawancin jihohi su ne ke shata mazaɓun 'yan majalisar tarayya bayan kowace ƙidaya.

Cikinsu babu rukunin da ya ga hawa da sauka kamar masu wakiltar karkara. An yi zamanin da su ke juya jihohi da dama yadda suka ga dama, ko da mutanensu ba su kai sulusin jama'a ba. Kotu ta raba su da wannan fifiko a shekarun 1960. Abin da ya rage musu shi ne sanayya: kowa a mazaɓa ya san su, ya san iyayensu, ya san gonarsu. A ganina ita ce ake kokawar raba su da ita yanzu.

Da wuya a samu wanda ya fara siyasarsa da majalisa kai tsaye. Ana somawa ne daga ƙananan kujerun da babu mai rububinsu, kamar hukumar kula da makarantun gari, ko kwamitin ƙungiyar gama-kai ta wutar lantarki, ko majalisar gunduma, ko shugabancin reshen ƙungiyar manoma. A nan ake gane wanda zai iya zama awa uku ana gardama kan sayen motar ɗaukar ɗalibai bai fusata ba. Jon Tester na Montana haka ya taso. Manomi ne a kusa da wani ɗan gari mai suna Big Sandy, a gonar da kakansa ya sara. Ya taɓa koyar da kiɗa a makarantar firamare, ya yi shekaru a hukumar makarantun garin, sannan a 1998 aka zaɓe shi majalisar dattawan jiha, a 2005 ya zama shugabanta. Yatsu uku na hannunsa na hagu injin niƙa nama ya cinye su tun yana ɗan shekara tara, kuma a wurin masu zaɓensa wannan hannun ya ishe su shaidar cewa nasu ne.

Jadawalin zaman majalisa ma kamar don irinsa aka tsara shi. Galibin majalisun jihohi a Janairu suke buɗewa, lokacin da ƙanƙara ta rufe gonaki a arewacin ƙasar, su tashi daf da lokacin shuka. Montana kwana 90 ne cikin shekara biyu, North Dakota 80, Jojiya 40 a kowace shekara. Tunanin da ya haifi wannan tsari mai kyau ne: mutum ya bar sana'arsa na ɗan lokaci, ya je ya yi doka, ya dawo gida ya zauna a ƙarƙashinta kamar kowa. Sai dai wa zai iya barin aikinsa wata uku ko huɗu ya tare a babban birnin jiha kan albashin da ko kuɗin haya ba zai biya ba? Mai gona babba da ke da 'ya'ya ko ma'aikata, lauya mai ofishin kansa, dillalin inshora, sai kuma ɗan fansho. Ma'aikaciyar jinya ba za ta iya ba, haka mai aiki a kamfanin yanka da sarrafa nama, haka direban tirela. Manoma kuwa yau ba su kai kashi biyu cikin ɗari na Amurkawa ba, kuma ko a karkarar mafi yawan mutane ba noma ke ciyar da su ba. Don haka karkarar da ake gani a zauren majalisa ta masu ƙasa ce, ta ma'aikacin da ke karɓar lada awa-awa ba ta cika samun kujera ba.

Masu zaɓe da kansu suna taya wannan ƙofa rufuwa. Sanatan Nebraska dala 12,000 yake karɓa a shekara tun ƙarshen shekarun 1980, da aka kawo batun ƙari a ƙuri'ar raba gardama ta 2012 jama'a suka yi fatali da shi. Mai jefa ƙuri'a yana ganin ya hukunta 'yan siyasa, amma mai hali ko a jikinsa, wanda ya kora shi ne maƙwabcinsa marar ƙarfi da zai so tsayawa. Kansas sai a 2025 ta bar biyan dala 88.66 a kowace ranar zama ta koma albashin shekara na dala 43,000.

Akwai kuma wani ƙulli a cikin wannan tsari. Mai kiwon shanu ne ke zama a kwamitin noma, mai rijiyar ban-ruwa ne ke rubuta dokar ruwa. In ka yi magana, amsarsu a shirye take: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma gaskiya ne lauyan birni bai san ranar da ya kamata a buɗe madatsa ba. Amma mutumin nan yana jefa ƙuri'a kan abin da ya shafi aljihunsa, kuma a jihohi da yawa doka ta ƙyale shi muddin amfanin ya game duk masu sana'ar, ba shi kaɗai ba.

Ga kuma nisa. Kujerar majalisar wakilan Teksas tana ɗaukar mutum wajen 194,000, alhali gundumar Loving da ke yammacin jihar mutum 64 aka ƙidaya a cikinta a 2020. Kafin a tara adadin kujera ɗaya a irin wannan yanki sai an haɗa gundumomi fiye da goma, kowace da shugabanta, da shugaban 'yan sandanta, da hukumomin makarantunta, wata da ɗan asibitinta, kuma dukansu lambar wayar mutum ɗaya suke da ita. A Alaska, babban birnin jihar, Juneau, ko hanyar mota ba ta kai shi, sai jirgin sama ko na ruwa, haka kuma yawancin ƙauyukan da wakilan yammacin jihar ke wakilta.

Kafin 1962 ba haka lissafin yake ba. Ƙidayar 1920 ce ta fara nuna mazauna birane sun fi na karkara yawa a Amurka, amma majalisun jihohi da dama suka yi kunnen uwar shegu, domin waɗanda za su sake shata mazaɓun su ne za su rasa kujerunsu. Tenesi da Alabama tun 1901 ba su sake raba kujeru ba, ko da yake kundin tsarin mulkin kowaccensu ya ce a yi bayan kowace shekara goma. A Alabama, gundumar Jefferson mai birnin Birmingham da mutum fiye da 600,000 sanata ɗaya gare ta, gundumar Lowndes mai mutum dubu goma sha biyar da 'yan kai ita ma ɗaya. A Kalifoniya, gundumar Los Anjelis mai mutum miliyan shida sanata ɗaya cikin 40, daidai da wata mazaɓar tsaunuka mai mutum wajen 14,000. A Vermont kowane gari, komai ƙanƙantarsa, wakili ɗaya ne, shi ya sa majalisar ke da kujeru 246.

Mutanen karkara suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Cewa suke ai majalisar dattawan tarayya ma sanata biyu take ba kowace jiha, babba da ƙarama, kuma in aka bi yawan kai kawai birni zai haɗiye su, ba mai sake tuna hanyar ƙauye. Amma a jihohin kudu wannan hujja tana ɗauke da wani kaya a ƙarƙashinta. Ƙananan gundumomin da aka fifita su ne inda aka fi hana baƙaƙen fata rajistar zaɓe, kuma wakilansu ne ginshiƙin dokokin wariyar launin fata.

Jojiya ta fi kowa nisa a wannan hanya. Tun 1917 take da tsarin da a zaɓen fid da gwani na gwamna ba yawan ƙuri'u ake lissafawa ba, maki ake ba gundumomi. Cikin gundumomi 159, manya takwas maki shida-shida, talatin da ke biye huɗu-huɗu, sauran 121 bibbiyu, kuma wanda ya zo na ɗaya a gunduma shi ke kwashe makinta duka. Gundumar Fulton mai birnin Atlanta, da mutum fiye da rabin miliyan, makinta shida ne, daidai da na ƙananan gundumomi uku da jimillar mutanensu ba ta kai 7,000 ba. Ƙuri'ar mutum ɗaya a Echols ta yi nauyin ta mutum 99 a Fulton. A irin wannan tsari duk wanda ya riƙe akwatin ƙaramar gunduma ya zama sarki, gwamna ma sai ya biyo ta ƙofarsa. Kujerar sanatan jiha kuwa galibi gundumomi uku ne ke karɓa-karɓa da ita, don haka sanata baƙo ne na wa'adi ɗaya, mai gidan na ainihi shi ne uban siyasar gunduma.

A Maris 1962 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Baker da Carr, wadda ta taso daga Tenesi, cewa kotunan tarayya suna da hurumin sauraron ƙarar rashin daidaiton mazaɓu. Cikin makonni kotunan tarayya a Jojiya suka rushe tsarin maki, suka kuma tilasta sake raba kujerun majalisa. Aka shata sababbin mazaɓun sanatoci bisa yawan jama'a, aka sa zaɓen fid da gwani a tsakiyar Oktoba.

Nan ne wani mai noma da cinikin gyaɗa a garin Plains ya shigo. Jimmy Carter hafsan sojan ruwa ne da ya ajiye aiki a 1953 ya dawo gida bayan rasuwar mahaifinsa, wanda shi ma ɗan majalisar wakilan jiha ne a lokacin da ya rasu. Ya bi tsanin da aka saba: dikon a cocinsa, ɗan ƙungiyoyin ci gaban gari, shugaban hukumar makarantun gundumar Sumter. Ranar da ya cika shekara 38, 1 ga Oktoba 1962, ya tashi ya sa kayan fita maimakon na aiki, har matarsa Rosalynn ta tambaye shi ko jana'iza za shi. Takarar sanata ya tafi yin rajista, saura mako biyu zaɓe.

Ɗaya daga gundumomin sabuwar mazaɓar ita ce Quitman, wadda ke cikin ƙanana ukun nan da makinsu ya yi daidai da na Atlanta. Mai juya ta shi ne Joe Hurst, shi ma ɗan majalisar jiha, kuma jagoran jam'iyyar Dimokurat a gundumar, matarsa ce ke riƙe da ofishin tallafin marasa galihu. Duk mai karɓar tallafi ya san hannun da ke ba shi. Hurst yana goyon bayan abokin takarar Carter, wani ɗan kasuwa mai suna Homer Moore. Yadda Carter ya ba da labari daga baya, a rumfar zaɓen garin Georgetown da ke Quitman babu wurin sirri, a kan tebur ake cika takarda Hurst yana tsaye yana kallo, akwatin kuma kwali ne mai faffaɗan rami da hannu ke iya shiga ya fito. Da aka ƙirga, Carter ya faɗi da ƙuri'u ɗari da 'yan kai, amma takardun da ke cikin kwalin Georgetown sun fi yawan waɗanda aka rubuta sun zo zaɓe. Cikin masu ƙuri'a har da matattu, da fursunoni, da waɗanda suka daɗe da barin garin, wasu kuma sun yi zaɓe bi da bi daidai da jerin haruffan sunayensu.

Shugabannin jam'iyya na yankin ba su ga abin tada jijiyar wuya ba, ai haka aka saba. Sai da wani ɗan jaridar Atlanta, John Pennington, ya bi diddigin maganar ya buga, lauya Charles Kirbo kuma ya kai ta gaban alƙali, sannan aka soke akwatin Georgetown. Aka sake karawa a babban zaɓen Nuwamba, Carter ya ci da ratar ƙuri'u fiye da 800, aka rantsar da shi a Janairu 1963. A wannan rana aka rantsar da Leroy Johnson daga Atlanta, baƙar fata na farko a majalisar dattawan Jojiya tun ƙarni na 19. Hukunci ɗaya ne ya buɗe musu ƙofa su biyun. Da aka zo gyaran dokar zaɓe, wani sanata mai barkwanci ya kawo shawarar a haramta ƙuri'a ga duk wanda ya haura shekara uku da mutuwa.

Abin da ya sa na daɗe a kan wannan labari shi ne, Hurst da Carter duka 'yan majalisar karkara ne, kuma jarinsu ɗaya. Hurst ya san kowa a Quitman, ya san mai bashi, ya san mai ɗa a kurkuku, ya san tsohuwar da ke jiran tallafin wata, da wannan sanin yake ɗaure su. Carter ma ya san manoman yankin ɗaya bayan ɗaya domin a sitonsa suke sayen iri da taki, su kawo gyaɗa, da wannan sanin ya nemi ƙuri'arsu. Sanayyar da ke sa wakili ya ji kukan mutanensa ita ce kuma ke ba shi damar riƙe musu wuya, kuma ita ke hana shi buɗe baki. Carter ya ƙi shiga ƙungiyar farar fata masu kare wariya a Plains, har wasu suka ƙaurace wa sitonsa na ɗan lokaci, amma a shekara huɗun da ya yi a majalisa, daidai lokacin da gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata ke tafasa a gundumarsa, bai cika ɗaga murya a kai ba. Ya san waɗanda zai zauna da su a coci ranar Lahadi.

Abin da aka fi tunawa da shi a majalisar shi ne alkawarin karanta kowane ƙudiri kafin ya jefa ƙuri'a, har sai da ya koyi karatun sauri don ya cika shi, da kuma fafutukar mayar da kwalejin Georgia Southwestern da ke Americus mai ba da digiri na shekara huɗu. Irin gadon da ɗan majalisar karkara ke bari ke nan, kwaleji, ko gada, ko reshen asibiti. Shi dai ya wuce, ya faɗi takarar gwamna a 1966, ya ci a 1970, ya zama shugaban ƙasa a zaɓen 1976. Dubban takwarorinsa gona ko shago suke komawa, sunansu ya tsaya a allon wata hanya.

A Yuni 1964, a shari'ar Reynolds da Sims daga Alabama, Kotun Ƙoli ta ƙarasa aikin: dole zaurukan majalisar jiha duka biyu su bi yawan jama'a. Alƙalin alƙalai Earl Warren ya rubuta cewa 'yan majalisa mutane suke wakilta, ba itatuwa ko ekoki ba. Shi wannan Warren ɗin, yana gwamnan Kalifoniya a 1948, ya kare tsohon tsarin da bakinsa. Sanata Everett Dirksen na Illinois ya yi ta ƙoƙarin gyara kundin tsarin mulkin ƙasa don a bar zaure ɗaya ga gundumomi, bai samu kashi biyu cikin uku ba. Vermont ta rage kujerunta zuwa 150 a 1965, sauran jihohi ma kowa ya bi. Abin da ba a hango ba shi ne tsakiyar birane ba su suka fi cin riba ba, unguwannin bayan gari ne, inda jama'a ke ta tururuwa a lokacin.

Wakilan karkara ba su watse nan take ba, sun koma ga daɗewa. Mazaɓar ƙauye ba ta cika sauya wakili ba, in ta samu wanda ta yarda da shi sai ya yi shekara ashirin ko talatin. Daɗewa kuwa ita ke kai mutum shugabancin kwamitin kasafi ko na hanyoyi, kuma shugaban kwamiti yana iya kwantar da ƙudiri a aljihun tebur har zama ya ƙare. Da ƙarancinsu suka ci gaba da riƙe maƙogwaron majalisa. Daga 1990, da Kalifoniya da Kolorado da Oklahoma suka fara ƙayyade wa'adi, wannan makamin ma ya soma dakushewa. Yau jihohi 16 ke da irin wannan doka. A Montana, inda ake zama sau ɗaya cikin shekara biyu, shekara takwas zama huɗu ne kacal. Kafin mutum ya gane kan kasafin kuɗi lokacinsa ya cika, sanin aiki ya koma hannun ma'aikatan gwamna da 'yan kamun ƙafa na kamfanoni, waɗanda babu mai ƙayyade musu wa'adi. Tester ma wannan doka ce ta tashe shi, ya nemi majalisar dattawan tarayya ya ci a 2006.

Faɗuwarsa a 2024, bayan wa'adi uku, ta nuna sauyin da ya fi duka girma. A da, manomin Dimokurat a Montana ko Dakota ko Jojiya ba abin mamaki ba ne, mutane suna zaɓen mutum su bar jam'iyya. Yanzu mafi yawan karkara ta koma Rifablikan, in ban da yankunan baƙaƙen fata na kudu da na 'yan asalin ƙasar. Inda jam'iyya ɗaya ce ke ci ko da wa ta tsayar, zaɓen gaske ya koma na fid da gwani, wanda 'yan kaɗan ke fitowa, mafi yawansu masu zafin ra'ayi. Ƙananan jaridun mako da ke buga yadda wakili ya jefa ƙuri'a suna ta mutuwa, gundumomi fiye da 200 ba su da jarida ko ɗaya. Labarin wakilin gida yanzu daga takardar talla da aka cusa a akwatin wasiƙa ake jin sa, ko daga Facebook, kuma wanda ya biya kuɗin tallar mai yiwuwa bai taɓa taka gundumar ba.

Ana ganin illar a batun asibitoci. Dokar lafiya ta Shugaba Obama ta 2010 ta ba jihohi damar faɗaɗa inshorar Medicaid ga masu ƙaramin ƙarfi, gwamnatin tarayya na biyan kashi 90 cikin ɗari. Jihohi goma har yanzu sun ƙi, ciki har da Teksas da Jojiya da Tenesi da Kansas. Asibitocin karkara fiye da ɗari sun rufe ko sun daina kwantar da marasa lafiya tun 2010, mafi yawa a jihohin da suka ƙi ko suka yi jinkiri. Wakilin da asibitin garinsa ke tangal-tangal ya san abin da shugaban asibitin ke roƙonsa, ya kuma san abin da zai same shi a zaɓen fid da gwani in aka laƙaba masa goyon bayan dokar Obama. A Idaho da Nebraska da Utah a 2018, da Missouri da Oklahoma a 2020, da South Dakota a 2022, jama'a ne suka tsallake majalisa suka amince da faɗaɗawar ta ƙuri'ar raba gardama.

Inda kuma birane suka fi ƙarfi, kamar Oregon, wakilan karkara ƙafa suka mayar makami. Majalisar jihar ba ta zama sai kashi biyu cikin uku sun halarta, don haka a 2019 da 2020 'yan Rifablikan suka ƙaurace don kashe ƙudirin rage hayaƙin masana'antu, wanda suka ce zai durƙusar da masu katako da manoma. Masu zaɓe suka mayar da martani a 2022 da dokar hana sake takara ga duk wanda ya yi fashin zama goma ba izini. A 2023 suka sake ƙauracewa na mako shida, kotun ƙolin jihar kuma ta tabbatar a 2024 cewa sanatoci goma sun rasa damar sake tsayawa.

Teksas ce ta nuna abin ƙarara. Gwamna Greg Abbott, ɗan Rifablikan, ya ɗauki alwashin kafa shirin ba iyaye kuɗin gwamnati su kai 'ya'yansu makarantu masu zaman kansu. Shekara da shekaru 'yan Rifablikan na karkara ne ke haɗa kai da 'yan Dimokurat suna kashe irin wannan ƙudiri, kuma dalilinsu ba na aƙida ba ne. A gundumomi da yawa babu makarantar kuɗi ko ɗaya da za a kai yaro, makarantar gwamnati kuwa ita ce mafi yawan ma'aikata a gari, wasan ƙwallon ɗalibanta na daren Juma'a shi ne taron gari. Duk dalar da ta fita daga asusun ilimi, a wurinsu, ta tafi Dallas ko Houston ke nan. A Nuwamba 2023 'yan Rifablikan 21 suka bi sahun 'yan adawa aka cire shirin daga ƙudirin ilimi da ƙuri'u 84 da 63.

Abbott bai tsaya lallashi ba. Ya karɓi gudummawar dala miliyan 6 daga wani attajirin jihar Pennsylvania, Jeff Yass, ya shiga mazaɓun 'yan jam'iyyarsa ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga hannun masu ƙalubalantarsu a zaɓen fid da gwani na 2024. Tallace-tallacen da aka yi ta watsawa sau da yawa ba ma kan makaranta suke ba, zargin sakaci da tsaron iyakar Meziko ake yi wa mutanen da suka yi shekaru suna amincewa da kowane ƙudirin tsaron iyaka. Wasu daga cikin 21 ɗin suka haƙura da takara, da dama suka sha kaye, ciki har da waɗanda kowa a gundumarsu ke kiransu da sunan yanka. A Afrilu 2025, da safiyar ranar da za a fara muhawara, Shugaba Donald Trump da kansa ya bugo waya cikin taron 'yan Rifablikan na majalisar wakilan jihar yana neman su amince. Ƙudirin ya wuce da kasafin dala biliyan ɗaya, gwamna ya sa hannu a Mayu. 'Yan Rifablikan biyu kaɗai suka ƙi: tsohon kakakin majalisar Dade Phelan, da Gary VanDeaver, wanda kafin ya shiga siyasa shi ne shugaban makarantun gwamnati na garin New Boston a arewa maso gabashin jihar.